Littafin faɗakarwa da littafin bincike: me kowanne ke nema daga mai karatu?

Assalamu alaikum masu kallo, musamman 'yan uwa mazauna Ikko, na Agege, na Idi-Araba, na Mile 12 da na Obalende. Yau hirar littafi za mu yi. Da yawanmu a nan cikin cunkoson motoci muke karatu, a waya, ko mu saƙala abin kunne muna sauraron wani yana karanto labari a YouTube. Iri biyu nake so mu duba: littattafan faɗakarwa, da labaran bincike, waɗanda ake aikata laifi a cikinsu sannan a shiga neman wanda ya yi.

Faɗakarwa tamu ce tun asali. Daga gasar rubutu ta 1933 da wani Bature, Rupert East, ya shirya, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, labari da darasi tare suke tafiya a Hausa. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka kama alƙalami suka yi magana kan auren dole, kishi, zawarci da karatun 'ya mace. Ina girmama wannan aiki ƙwarai. Yarinyar da aka kawo aure Legas, ɗaki ɗaya, ba uwa ba 'yar uwa kusa, ga yare ba ta ji, idan ta karanta labarin wata da ta shiga irin halinta ta fita, zuciyarta kan yi sanyi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma akwai abin da ke damuna a yawancin na yanzu. Tun shafin farko ka san mugu, ka san na kirki. Kishiya ta je wurin boka, shi ke nan, sai ka jira ranar da za ta yi hatsarin mota, ko ɓarin jikinta ya shanye, ko ta haukace tana tona asirin kanta a bainar jama'a. Mai haƙuri kuwa ta auri attajiri. Ba wanda ya bincika komai, ba wanda ya yi tunani, marubuci ne kawai ya sauko da hukunci. To mai karatun da azzaluminta ke nan garau, yana ci yana sha, me aka koya mata? Mun san Allah Yana yi wa azzalumi jinkiri, kuma ba kowane sakayya ake gani a duniya ba. Littafin da ya yi mata alkawarin ganinsa a babi na ƙarshe bai shirya ta ga rayuwa ba.

Labarin bincike wata hanya yake bi. Masana kan kai asalinsa ga Edgar Allan Poe na Amurka a 1841. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a Ingila a 1887, Agatha Christie kuma ta rubuta irin waɗannan littattafai har 66. A 1929 wani limamin coci, Ronald Knox, ya tsara wa fannin ƙa'idoji goma, kuma a cikinsu ne za ku ga inda daɗin yake. Dole a ambaci mai laifin tun farkon labari. Duk alamar da mai bincike ya gani, dole a nuna wa mai karatu ita. Ba a yarda sa'a ta warware masa matsala ba, ba a kuma yarda a jingina laifin ga aljani ko tsafi ba. Wannan ba musun samuwar aljanu ba ne, sharaɗi ne tsakanin marubuci da mai karatu: ga duk abin da na sani na ajiye a gabanka, gane kafin in faɗa maka. Shi ya sa idan ka kai ƙarshe sai ka koma baya, ka tarar amsar tana nan tun babi na uku, kai ne ka wuce ta. Maƙwabtanmu Yarabawa sun daɗe da kama wannan, su Oladejo Okediji da Kola Akinlade sun rubuta labaran bincike da yarensu.

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce, kisa da 'yan sanda, ina tarbiyya a ciki? Mu buɗe Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa ta 28. An yi zargi tsakanin Annabi Yusuf da matar mai gidansa, kowa na cewa ɗayan ne, ba wanda ya gani. Sai mai shaida daga dangin matar ya ce a duba rigar: in ta yage ta gaba, ita ce mai gaskiya, in ta baya ne, shi ne. Aka duba, ta baya ne. Hujja ce ta wanke Annabi Yusuf, alaihis salam, a gaban mai gidan. Ke nan bin diddigi kafin yanke hukunci tarbiyya ce babba, kuma ita muka fi buƙata a zamanin da saƙon WhatsApp guda ke ɓata sunan mutum kafin la'asar.

Don haka ba na ganin dole marubucin Hausa ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Ga labari nan a ƙofar gidanmu. Tirela ta taso daga Arewa da albasa, ta iso Mile 12 da asuba, aka sauke, aka sayar, da dare kuɗin ba su cika ba. Akwai direba, akwai yaron mota, akwai dillali, akwai ɗan dako, akwai ɗan mai kayan da aka turo ya sa ido. Kowa yatsarsa na kan ɗan dako, don shi ne baƙo, shi ne ba shi da kowa a garin. Sai wani dattijo a rumfar ya ce a dakata, a kawo littafin da ake rubuta buhuna, a tambayi kowa inda yake lokacin sallar Azahar. Marubuta na Agege da Idi-Araba, kun san harshen kasuwar nan, kun san yadda ake lissafinta. Ku rubuto mana wannan, ku ajiye alamun a fili, ku bar mu mu gano ɓarawon da kanmu.