Layin da aka ja a Sahara: laccar buɗe kwas ɗin labarin ƙasa na yankunan duniya

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Wannan kwas da za ku ɗauka a wannan semesta, na san da yawanku kun ɗauka hadda ce, sunan ƙasa, babban birninta, sunan kogi, sunan dutse, a zo jarrabawa a juye a wuce. Wallahi in hadda ce kawai ba sai kun zo nan ba, wayar da ke aljihunku ta fi ni sanin babban birnin Bolibiya. Abin da za mu yi ta tambaya daga yau har ƙarshen semesta shi ne me ya sa abu kaza yake a wuri kaza, me ya sa ba a can ba, kuma wa ya ce nan ne yanki kaza ya ƙare wani ya fara.

Ku fara da taswirar da ke rataye a bangon firamaren da kuka yi. Yawancinta irin zanen wani mai zana taswira ce da ake kira Mercator, wanda ya fitar a 1569 saboda masu tuƙa jirgin ruwa, kuma ga aikinsu ta yi daidai domin tana riƙe alƙibla. Amma duniya dunƙulalliya ce, in ka ɗauki ƙwarya ka ce sai ka shimfiɗe ta a ƙasa dole ta tsage ko ka ja wani gefen, to shi gefen arewa da na kudu ya ja. Shi ya sa za ka ga Girinland kamar ta yi kai ɗaya da Afirka, alhali Afirka wajen murabba'in kilomita miliyan 30 ce, Girinland miliyan 2 da ɗoriya, wato ta shiga cikin Afirka kusan sau 14. Saboda haka duk taswirar da aka miƙo maka ka tambaya don me aka zana ta kafin ka yarda da ita.

To haka su ma yankunan. Littafin da za ku yi amfani da shi zai yanka duniya gida goma ko sha biyu, Turai, Rasha da maƙwabtanta, Arewacin Amurka, Kudancin Amurka, Kudancin Asiya, Gabashin Asiya, da sauransu, in ya zo Afirka sai ya raba ta biyu, ya haɗa Masar da Libiya da Aljeriya da Maroko da ƙasashen Larabawa su zama babi ɗaya, mu kuma a ce mana Afirka kudu da Sahara. Akwai hujja, ba cewa na yi babu ba, harshe da yanayi da tarihin daula duk sun shigo ciki. Amma ku da kuke zaune a nan ai kun san Sahara hanya ce. Ayarin raƙuma ɗaruruwan shekaru yana tasowa daga Tarabulus ya bi Ghadamas da Ghat ya sauko Azbin ya shiga Agadas, daga nan Damagaram, daga nan Kano. Turkuɗi da jemammiyar fata su yi arewa, gishirin Bilma da takarda da littattafai da tsakiya su yo kudu. Ku shiga cikin birnin Kano ku tambayi Dandalin Turawa, turawan da ake nufi ai Larabawan arewacin Afirka ne 'yan kasuwa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ta hanyar hamada ya shigo, daga Tarabulus ya taso. To wanda ya ja layi a tsakiyar wannan hanyar ya sa Kano a babi na shida Tarabulus a babi na bakwai, ya sauƙaƙa wa kansa koyarwa ne, kuma za mu bi layin nasa saboda dole a fara daga wani wuri, amma kada wani ya rubuta min a jarrabawa kamar Allah ne ya saukar da shi.

Ko nan kusa ma, Katsina da Maraɗi. Nisan bai kai kilomita 100 ba, kuma sarautar Maraɗi ai Katsinawa ne da suka fita bayan jihadi suka kafa ta, har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa. Ingila da Faransa suka zauna a 1890 suka ja layi daga Say zuwa Baruwa, daga baya suka yi ta gyara shi, yau ɗaya yana kashe naira yana karatu da Turanci, ɗaya yana kashe sefa yana karatu da Faransanci, tuwon dai iri ɗaya suke ci.

Yanzu ga inda kwas ɗin yake da daɗi, kwatantawa. Me yake kawo mana damina? Akwai wani ɗamara da ya zagaye duniya inda iskar arewa da ta kudu suke haɗuwa, yana bin rana, daga Afrilu yana hawowa arewa yana jawo iska mai laima daga tekun Atlantika, ya kai ƙarshen tafiyarsa a Agusta sannan ya koma, in ya koma sai busasshiyar iskar hamada ta biyo bayansa, hunturu ke nan. Wanda ya fi kusa da teku shi yake fara samu shi yake ƙarshen rabuwa da ita, don haka Fatakwal ta wuce milimita 2,000 a shekara, Kano yawanci ba ta kai 1,000 ba, Agadas ko 200 ba ta samu. To ku buɗe babin Indiya, abin nan dai shi ne. Ruwa ya sauka a Kerala farkon Yuni ya yi ta hawa arewa har Satumba, sai dai su suna da duwatsu masu tare gajimare su matse shi, har akwai garin da yake samun sama da milimita 11,000 a tsaunukan Meghalaya. Ka yi yamma zuwa Rajasthan ruwan ya ƙare, me suke nomawa a can? Gero. Geron nan namu da asalinsa daga Sahel ɗin yammacin Afirka ne, yau Indiya ce ta fi kowa noma shi a duniya. Manomin Rajasthan da manomin Ɗambatta ba su taɓa jin labarin juna ba amma duk sama suke kallo a wata ɗaya da fargaba iri ɗaya.

Amma ku yi hattara, ba duk abin da ya yi kama ne sababinsa ɗaya ba, kuma nan ne ɗalibai suke faɗuwa. Tafkin Chadi a shekarun 1960 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya ragu ƙwarai da gaske. Tekun Aral a tsakiyar Asiya shi ma ya ƙafe, akwai hotunan garin Moynaq a Uzbekistan, jiragen kamun kifi zaune a kan yashi sun yi tsatsa, ruwa ya yi musu nisan kilomita da yawa. Sai ɗalibi ya ce Malam ai abu ɗaya ne. A'a. Aral gwamnatin Sobiyet ce ta karkatar da kogin Amu Darya da Syr Darya don noman auduga, da gangan, da lissafi. Tafkin Chadi kuwa babban abin da ya buge shi farin shekarun 1970 da na 1980 ne, ga shi tafki ne marar zurfi wanda kusan duk ruwansa daga kogin Shari da Logone yake zuwa daga kudu, in ruwan sama ya ragu can sai bakinsa ya ja da baya da sauri, in an yi damina mai kyau ya ɗan dawo. Madatsun Tiga da Challawa sun rage abin da yake gangarawa Haɗeja da Komadugu, wannan gaskiya ne kuma mutanen fadamar Nguru sun ji a jikinsu, amma kason wannan kogin a tafkin kaɗan ne. In ka ba Chadi da Aral magani ɗaya ka yi kuskure.

Sai maganar wuri, ina kake zaune a taswira, wa ya tare maka hanya. Nijar ba ta da bakin teku, kafin 2023 kayanta ta Kwatano yawanci suke shigowa, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 kowa ya ga yadda manyan motoci suka yi layi a Malanbil, bakin iyakar Benin da Nijar. Habasha ta rasa tekunta da Eritiriya ta ɓalle a 1993, yanzu Jibuti ce ƙofarta. Bolibiya ta rasa nata a yaƙi da Chile tun ƙarni na 19 kuma har gobe ba su haƙura ba, suna da rundunar sojan ruwa a tafki. A Maris na 2021 jirgin dakon kaya ɗaya tak ya gitta a mashigin Suez, kwana 6 jiragen da ke bin wannan hanya tsakanin Turai da Asiya suka tsaya cik. Da yaƙi ya tashi a Yukren a 2022 mai shayi na bakin tasha ya ƙara kuɗin burodi, saboda yawancin alkamar da muke ci daga waje take zuwa.

Ee, ke da kika ɗaga hannu. Tana tambaya wai Sudan a wane babi take, Afirka ko ƙasashen Larabawa. To ya danganta da littafin da kika ɗauka, wani ya sa ta sama wani ya sa ta ƙasa, tana cikin ƙungiyar Larabawa tana cikin Tarayyar Afirka, sannan a bakin kogin Nilu mai shuɗi akwai garin Mai Wurno wanda mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa, jikokinsu suna can suna jin Hausa. In na tambaye ki a jarrabawa, kowane ɓangare kika sa ta zan karɓa in kin kawo dalili, in babu dalili ko kin dace da littafi ba maki.

Mako mai zuwa Turai za mu fara. Kowa ya zo da atlas, ko na aro ne, da farar takarda da fensir, za ku zana min gaɓar tekun Turai da ta Afirka da hannunku, ku ƙirga min inda jirgi zai iya shiga ya fake a kowacce.