Idan Oga Ya Ce "Haka Nake So"

Assalamu alaikum. Na gode da kuka jure zafin nan kuka zauna. Kafin in fara, duk wanda a cikinku ya taɓa kwana uku yana aiki a kan wani tsari, oga ya leƙo ya rushe shi da magana ɗaya, ya ɗaga hannu. To, ku sauke, kusan duk ɗakin ne. (dariya)

Masu harkar manhaja a Amurka sun raɗa wa abin nan suna HiPPO, wato ra'ayin wanda ya fi kowa albashi a wurin taro. Kalmar kuma da Turanci tana nufin dorinar ruwa. Sunan ya dace, don idan dorina ta juya a ruwa, ƙananan kifaye sai su nemi gefe.

Ku dubi Amazon, kamfanin nan na sayar da kaya ta intanet, a 2014. Jeff Bezos, shugaban kamfanin a lokacin, da kansa ya tsaya a kan wayar da suka kira Fire Phone. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne allon ya riƙa nuna hoto kamar mai zurfi, sai aka dasa kyamarori huɗu a kusurwoyin fuskar wayar suna bin motsin kan mai riƙe da ita. Aikin injiniya ne na gaske, amma masu saye ba su ga amfaninsa ba. An fito da ita a watan Yuli a kan dala 199, zuwa Satumba ta koma santi 99 ga mai kwantiragin layi, a Oktoba kamfanin ya bayyana asarar dala miliyan 170. Wannan fa Bezos ne, ba mai shagon bakin titi ba.

A kamfanin nan dai, shekaru kafin haka, wani injiniya mai suna Greg Linden ya ƙirƙiro tsarin da ke nuna wa mai saye wasu kaya idan ya duba kwandonsa. Wani babban mataimakin shugaba ya hana, a ganinsa hakan zai ɗauke hankalin mutum daga biyan kuɗi. Linden ya sa aka gwada a kan wani ɓangare na masu saye, ciniki ya ƙaru, aka ƙaddamar da shi cikin gaggawa. Ban ce ku yi wa oga tawaye irin nasa ba, don a nan gida ƙila washegari takardar sallama ce ke jiranku. Abin lura shi ne, babban nan ba shirme ya faɗa ba. Tsoronsa na da tushe, gwaji ne kawai ya raba gardama.

Mu kuma namu ya fi nauyi, domin mun tashi ne da cewa ba a ce wa babba ya yi kuskure, sai dai a ce ya manta. Na taɓa aiki a wani kamfani da ke yi wa 'yan kasuwa manhajar karɓar kuɗi. Maigidanmu ya dawo daga tafiya ya ga ana shiga asusu da hoton fuska, ya ce lallai a sa mana kafin Sallah. Ni da ƙuruciya, a gaban ma'aikata na ce ba zai yi aiki ba. Ya cire tabarau, ya ajiye a tebur, ya ce, "Kai ne mai kamfanin ko ni?" Daga ranar maganar ta daina zama ta manhaja, ta koma ta girma, kuma ni na jawo.

Wani dattijon akanta ne ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, ka tambaye shi abin da ke hana shi barci." Na same shi shi kaɗai bayan la'asar, na ce, "Ranka ya daɗe, wace matsala kake so hoton fuskar ya magance?" Ashe wani babban dila ne ya kira shi yana ƙorafin yaran shago na amfani da lambar sirrinsa. Na roƙe shi ya raka ni kasuwa. Muka shiga wani shagon atamfa, ya ga da idonsa: waya ɗaya ce, gilashinta a fashe, tana yawo tsakanin maigida da yara uku, cikin shagon kuma duhu. Fuskar wa za a ɗauka? Shi da bakinsa ya ce a ba kowane yaro lambarsa daban, da iyakar kuɗin da zai iya taɓawa. Har yau yana cewa dabararsa ce, ni kuma ban taɓa musa masa ba. Gani ya kori ji.

Kada kuma ku fita nan da tunanin kullum ku ne da gaskiya. Ron Kohavi, wanda ya jagoranci gwaje-gwaje a Microsoft, ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na dabarun da suka gwada suka inganta abin da aka yi su dominsa. Wannan ya haɗa da na manya da na ƙanana. Oga kuma yakan san abin da ba ku sani ba: bashin banki, sharaɗin Babban Banki, alkawarin da ya yi wa masu zuba jari.

Idan kun kawo hujja ya ce duk da haka a yi, ku rubuta a taƙaice: ga abin da aka yanke, ga abin da ake sa ran gani, ga ranar da za a sake dubawa. Ku tura masa, sannan ku yi aikin da zuciya ɗaya, ban da jan ƙafa don ku ce "ai na faɗa".

Na ga 'yar'uwa can baya tun ɗazu hannunta a sama. Bismillah, Hajiya, a miƙa mata makirfo.