Sauti a bakin 'yan fim: lacca a Kaduna

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? A'a? To kun ga maganar tamu ta fara da kanta. (dariya)

Abu uku zan faɗa kan kalmar sauti. Na farko, daga Larabci muka aro ta. Bahaushe yana da murya, yana da ƙara, yana da amo, amma idan ɗan fim ya ce "sautin bai fita ba", duka ya haɗa: maganar jarumi, kiɗa, takun ƙafa, har kukan ƙofa. Shi fim ma ai bebe aka haife shi. Sai 1927 aka ji bakinsa a Amurka, Indiya kuma 1931. Mu nan zamanin majigi, farin ƙyalle ake kafawa a fili, tafinta ya riƙe lasifika yana bayani.

To amma ɗora murya, wato a ɗauki murya a situdiyo a ɗora ta kan hoto, nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Mun taɓa ɗaukar fim a Rigasa, uwa tana kuka an kai ɗanta gidan yari. Ta yi kukan nan har mai kyamara ya share hawaye. Da muka saurara da daddare, me muka ji? Janaretan maƙwabta, Keke Napep, da mai maganin basir yana ta talla. (dariya) Wallahi shi ya fi kowa fitowa! Dole ta shiga situdiyo ta sake kukan, tana kallon bakinta a allo. Akwai inda take cewa "Baba". Ku ma ku ce "Baba". Ku faɗa mana, Hajiya har da ke. Kun ji leɓe ya haɗu sau biyu? Idan leɓe ya haɗu murya ba ta iso ba, yaro ɗan shekara biyar ma zai gane. Sau biyu fa. Kwana biyu muka yi kan "Baba" ɗin nan.

Na biyu, ko na uku ne? Waƙa. Wasu in sun ce sautin fim, waƙoƙin kawai suke nufi, ban yarda ba. Na'am, malam?

Ya ce fina-finan Indiya na Hausa, fassara ce ko ɗora murya? Duka biyun ne, malam. A kasuwa dai "fassara" ake cewa, amma fassara kafin a buɗe makirfo take ƙarewa. Je ka Kasuwar Barci ka ce a tura maka "ɗora murya" a waya, ka ga kallon da za a yi maka.