Darasi: yadda injekta ɗaya ke kashe injin mota mai tabo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu yi magana a kan injekta, wanda a gareji aka fi kira nozul, da ɓarnar da yake yi wa injin mota mai ƙarfi idan ya lalace. Misalin da ke gabanmu shi ne injin N54 na BMW, wanda ya fito a 2006 a cikin 335i. Silinda 6 ne a jere, lita 3, tabo 2, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji. Amma bayanin ya shafi duk motar da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda.

A tsofaffin injuna nozul yana fesa mai a bayan bawul, da matsin da bai wuce ba 3 zuwa 4 ba (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). A wannan kuwa, bakin nozul ɗin yana cikin silinda, a tsakiyar wuta. Famfon cikin tanki yana turo mai da kusan ba 5, famfo na biyu da ke jikin inji ya ɗaga shi zuwa kusan 50 a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, har 200 idan an taka. Saboda haka ƙaramar matsala a bakin nozul ba ta zama ƙarama.

Lalacewar iri biyu ce, kuma kowace da irin ɓarnarta. Ta farko yoyo. Ka kashe mota da dare, matsi yana nan cikin layin mai, nozul bai rufe ruf ba, sai fetur ya dinga ɗiga kan fistin. Da safe mota ta tashi da ƙyar, tana rawa tana misin, wato wata silinda ba ta kama wuta daidai, warin ɗanyen fetur yana fita ta salansa. Bayan minti ɗaya ko biyu sai ta daidaita, mai mota ya ce ai ta warke. Ba ta warke ba. Wannan fetur ɗin yana wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, ringi ya koma gogar ƙarfe tsirara. Sauran ya zurara ƙasa ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Baƙin man da ya tsinke ba ya iya riƙe metal, wato gammon ƙarfen da ke kan karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, musamman a motar da ake takawa. Daga nan ne ake jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, a ce inji ya buga. Idan kuma nozul ya maƙale a buɗe gaba ɗaya, silinda takan cika. Fetur ruwa ne, ba ya matsuwa kamar iska. Ka murza makulli, fistin ya taso ya tarar da fetur, kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya lanƙwashe nan take.

Ta biyu toshewa, kuma a ganina ita ce mafi haɗari, domin ba ta wari, ba ta hayaƙi. Fetur yana ƙonewa daidai idan iska kashi 14.7 ta haɗu da mai kashi 1. Amma lokacin da tabo ke tura iska da ƙarfi, ana ƙara mai, a sauko wajen 12, saboda rarar man nan ita ke sanyaya silinda. To nozul ya toshe rabi, silinda guda tana samun iska da yawa mai kaɗan. Zafi ya hau, wuta ta fara tashi ba bisa ƙa'ida ba, tana dukan kan fistin. Fistin alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a wajen digiri 660. Gefen da ringi ke zaune shi ke fara tsagewa, wani lokaci a tarar da rami a tsakiya. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai an hau babbar hanya an danne totur, cikin daƙiƙu kaɗan aikin gama ya gama. Kuma ku lura, na'urar auna hayaƙi ɗaya ce ke kula da silinda 3, don haka biyu masu lafiya suna iya rufa wa guda asiri a idon birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin.

Yanzu bincike. Fara da kwamfutar gwajin mota, kada ka fara da sifana. Lambar P0300 misin ne gauraye, P0301 zuwa P0306 suna nuna maka silindar da abin yake. P0171 mai ya yi kaɗan, P0172 mai ya yi yawa. Duba adadin gyaran mai da birenbos ke yi. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa, akwai magana. A ce silinda ta 2 ce ke misin. Ɗauke koyil ɗinta ka kai ta 5, goge lambobin, ka tada mota. Idan misin ya bi koyil, ka huta. Idan bai bi ba, yi haka da fulogi. Idan har yanzu yana nan a ta 2, saura nozul ko kuma cikin injin kansa.

Don gane yoyo, bari inji ya yi zafi, kashe shi, bar shi ya kwana. Da safe kada ka tada. Kwance fulogai duka 6 da siririyar soket 14, ka jera su a kan kwali bisa lambarsu. Wanda bakinsa ya jiƙe, ya yi baƙi, yana warin fetur, silindarsa ce ke shan yoyo. Wanda ya yi fari fat, ko ka ga ɗige-ɗigen ƙarfe masu ƙyalli a jikin farin tangaran ɗinsa, wannan alamar ƙarancin mai ce, ɗigen nan kuwa naman fistin ne. Zura kyamarar leƙen silinda ta ramin fulogi. Fistin da ya yi tas yana sheƙi alhali 'yan uwansa suna da baƙin toka, fetur ne ya wanke shi. Ka dubi bango ko akwai kartar tsaye. Sannan auna kwamfireshan. Silindar da ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100 ta riga ta ji ciwo, sabon nozul ba zai tashe ta ba, gara a gaya wa mai mota kafin ya kashe kuɗi. Wannan injin ba shi da sandar awon baƙin mai, a allo ake gani. Idan allo ya nuna mai ya ƙaru ba wanda ya ƙara, tatso kaɗan ka sansana.

Idan ka murza makulli inji ya yi ƙwas ya tsaya, kada ka sake murzawa, kada a tura, kada a ƙara batir. Cire fis ɗin famfon mai, cire wayoyin koyil, kwance fulogai, ka juya inji da hannu fetur ɗin ya fito. A yi shi a fili, ba sigari, ba walda a kusa.

Wajen canji, inji ya huce, a cire kan batir, domin irin wannan nozul yana aiki da wuta sama da bolt 100. Rufe notin layi da tsumma ka sassauta a hankali matsi ya fita. Kowane nozul yana da lambar zubi a ƙarshen lambarsa, ta ƙarshe ita ce 12. Ana haɗa 11 da 12, amma ba a haɗa su da 10 zuwa ƙasa a rukuni ɗaya, wato silinda 1 zuwa 3, ko 4 zuwa 6. Shi ya sa na fi ba da shawarar a canza 3 tare. Farin zoben da ke bakin nozul da ƙaramin faifan ƙarfen da nozul yake zama a kai, sau ɗaya ake amfani da su. In aka mayar da tsohon zobe, wuta za ta dinga hurowa ta gefe ta cinye ramin. Kada a buga nozul da guduma, cikinsa ba ya jure duka. Kafin ka saka, rubuta lambobin ma'aunin mai guda 2 da ke jikinsa, ka shigar wa birenbos a silindar da ta dace. Nan ne aiki ya fi ɓaci a garejinmu: a saka sabo, birenbos ya ci gaba da ba shi mai da ma'aunin tsoho.

Fulogi a ɗaure shi da sifana mai awo, ƙarfin ɗaurin ya kai nitin-mita 23. Baƙin mai da filta dole a canza ko jiya aka zuba, lita 6.5 yake ci. Kunna makulli sau 2 ko 3 layi ya cika, tada, ka duba kowane noti ko yana gumi.

Abu na ƙarshe shi ne man da kansa. Ruwa, ƙasa da gauraye su ne ke cinye bakin nozul, kun dai tuna fetur mai yawan metanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022. Mota irin wannan ba ta shan man galan na bakin titi. Idan aka tarar da datti a tsohon nozul, a sauke tanki a wanke kafin a saka sabo. Masu mota kuma, in fitilar inji ta fara ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ku sassauta ƙafa, ku sami gefe ku kashe, a zo a ja ta zuwa gareji.