Jaririn da ya zo duniya jikinsa ya saba da ƙwaya: laccar wata likitar yara ga ungozomomi da iyaye mata

Assalamu alaikum. Na baya can kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo yau, alamomin ciwon, da yadda ake kula da jaririn, sai abinda ke bin yaro bayan ya girma.

Na farko. Mace mai ciki in tana shan kodin ko tiramadol kullum, abin yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan. Wata da watanni yana samu, ranar da aka yanke cibi sai abu ya tsaya cak. Jiki ya saba, sai ya fara nema. Kuma kar ku ce abin maza ne, binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya ta yi a Najeriya a 2018 ya samu mutum miliyan 14.3 suna shaye-shaye, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ne ma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin.

To ga inda nake so ku buɗe kunne, lokacin. Ba a wajen haihuwa yake nunawa ba. Kwana ɗaya, biyu, uku, wani har ya doshi kwana biyar, mu kuwa mace ta haihu da safe da yamma tana gida ana dafa ruwan wanka, kenan abin a ɗaki zai same ku ba a asibiti ba, ana ta shirin suna yaro yana ta tsala kuka. Kukan ma daban ne, siriri mai kaifi, a goya shi bai yi shiru ba, a ba shi nono ya cafka kamar mai yunwar kwana biyu amma ya kasa tsotsa sosai. Jiki na rawa, ga atishawa, ga hamma, ga zufa, ga gudawa har ɗuwawu ya saɓule, baccin awa ɗaya ya gagara. Sai kaka ta ce kambun baka ne a kawo hayaƙi. Hajiya kina dariya, kin san kakar, kowane gida akwai ta. Ku yi addu'arku, amma ku kawo shi asibiti, don wani har jijjiga yake yi, kuma irin alamomin nan ciwon ƙwayoyin cuta a jini ko faɗuwar sukari ma suna kawo su. Kwana biyu, kwana uku, ku riƙe wannan.

Na biyu... a'a bari in ƙara. Wata likita a Amurka, Loretta Finnegan, ita ta tsara takardar auna alamomin nan tun 1975. Amma yanzu da yawa tambaya uku ake fara yi: yana ci, yana bacci, yana rarrasuwa? To na biyu, kula da shi: ɗaki mara haske sosai, ba hayaniyar 'yan barka, a nannaɗe shi da zani, a kwantar da shi a ƙirjin uwa. In bai isa ba likita ya ba shi mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi dangin kodin, kaɗan kaɗan ana ragewa.

Na uku, bayan girma. Cikin abubuwan da mai ciki ke sha, giya ta fi ɓarna mai ɗorewa a ƙwaƙwalwar yaro, taba tana sa a haifi yaro ƙarami. Wasu yaran suna jinkirin magana ko rashin natsuwa a aji, amma gidan da yaro ya tashi yana canza abubuwa da yawa.

Na'am, 'yar'uwa? Ta ce in mai ciki ta ji wannan ta daina sha yau fa? Kar ta yanke kai tsaye ita kaɗai. Ɗan cikin ma zai shiga wahalar, yana iya jawo ɓari ko naƙuda kafin lokaci. Ta faɗa a wajen awo. Ku kuma ma'aikata in ta faɗa kar ku ɗaga murya a gaban layi, ku ja ta gefe, ku rubuta a katinta don a riƙe jaririn kwanaki ana lura kafin sallama, kuma a duba batun shayarwa, don kodin da tiramadol suna fita a nono. Akwai wata tambayar? An kira sallah ko?