Jawabin maraba ga Mai girma Minista a wajen horon ɗalibai kan kai iska cikin ramin hanyar mota

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jihar Maradi, wakilan masu martaba Sarkin Katsinan Maradi da Sarkin Gobir, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Maradi, sannu da hanya. Mu malaman sashen gine-gine mun ji daɗi ƙwarai da ka tako da ƙafarka domin ganin abin da muke koya wa yaranmu, wato yadda ake kai iska cikin ramin da ake haƙa wa hanyar mota a ƙarƙashin dutse.

Muddin ramin bai ɓulle ɗaya gefen ba, ƙofa guda ce gare shi, kuma iska ba ta shiga da kanta. Sai an kafa babbar fanka a waje, nesa da ƙofar, don kada ta sake zuƙo gurɓatacciyar iskar da ke fitowa. Daga jikinta a ja bututun leda mai kauri, a rataye shi a rufi, ana ƙara masa tsawo yayin da haƙa ke ci gaba.

Wajen lissafi ake yawan tuntuɓe. Dokar Amurka ta aikin ƙarƙashin ƙasa ta ware wa kowane ma'aikaci mita kubik 5.7 na iska a minti, kowane ƙarfin doki na injin gazuwal kuma 2.83. Ma'aikata 20 ke nan 114 ya ishe su. Amma motar loda mai doki 250 da kamiyo biyu masu 300 kowace, iskar da suke buƙata ta haura mita kubik 2,400 a minti. Wanda ya ƙirga mutane ya manta injuna ya cuci mutanen.

Faɗin bututu ma ba wurin tsimi ba ne. In aka rage shi da rabi, matsin da fanka ke buƙata don tura iskar nan ya ninka sau 32. Ga yoyo: gaɓa ta saki, ko kwandon mota ya yagi leda, fanka na ta ruri a waje alhali masu haƙa ba sa samun komai. Shi ya sa ake auna iska a ƙarshen bututu. Bayan tashin nakiya kuwa, ba mai komawa sai na'ura ta nuna gubar hayaƙi ta sauka, iskar oksijin ba ta gaza kashi 19.5 cikin ɗari ba. Ƙurar dutse, wadda ke cin huhu a hankali, da ruwa ake kwantar da ita.

Ranka ya daɗe, ƙasar Maradi shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da irin wannan rami. Muna dai da rijiyoyi masu zurfi, da ramukan zinariya na Ɗan Isa, inda ƴaƴanmu ke sauka. Injin jan ruwa da aka kunna cikin rami yana fitar da guba marar launi marar wari, mutum ya faɗi, mai shiga ceto ya bi shi. Ilimin guda ne, kuma nan ake buƙatarsa yau.

Roƙonmu shi ne a taimaka mana da na'urorin auna guba na hannu, da ma'aunin gudun iska, da ƙaramar fanka da bututunta, domin ɗalibi ya kafa da hannunsa, ya auna, ya nemo yoyo ya ɗinke. Muna kuma roƙon a buɗe wa masu haƙar rijiya da zinariya ƙofar wannan horo.

Allah ya ja zamaninka, ya maida kai Yamai lafiya.