Kaka guda a rukuni na biyu: ƙwallon mata a Ingila, 2024 zuwa 2025

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamai, iyayena mata da ke zaune a gaba, da ku ɗalibai masu koyon aikin jarida, ina yi muku barka da yamma. An ba ni minti arba'in, kuma zan yi ƙoƙari in bar lokacin tambaya.

Da aka ce in zo in yi magana a kan ƙwallon ƙafa ta mata, na san abin da yawancinku za ku zata. Za ku zata zan kawo labarin Super Falcons da kofin Afirka na goma da suka ɗauko a Maroko a watan Yulin 2025, ko labarin Chelsea da Arsenal da Barcelona. Waɗannan duk kun san su. Ni rukuni na biyu zan kai ku, inda kyamara ba ta cika zuwa ba, domin na yi shekaru ina bibiyar wasa a Ingila, kuma abin da na lura shi ne, idan kana son sanin lafiyar ƙwallo a wata ƙasa, ka leƙa ƙungiyoyin da ke bin bayan manya. Kaka guda kawai zan ɗauka, wadda aka fara a watan Satumban 2024 aka gama ranar 4 ga Mayun 2025, a gasar da a lokacin ake kira Women's Championship.

Bari mu fara da lissafi. Ƙungiyoyi 12 ya kamata su buga wannan gasa, amma 11 suka buga. Ina ta goma sha biyun?

Reading ce. Wanda bai san ta ba, ƙungiya ce da ta yi shekaru a rukunin farko. A can Fran Kirby, shahararriyar 'yar wasan Ingila, ta tashi tun tana ƙaramar yarinya, Mary Earps ma, mai tsaron ragar da ta ci kofin Turai da Ingila a 2022, ta tsare musu gida. Reading ta faɗo rukuni na biyu a 2023, ta buga kaka guda, ta tsira da ƙwallonta, ba ta faɗi ba. Sai matsalar kuɗi ta kama kulob ɗin gaba ɗaya, ɓangaren maza da na mata, kuma a ƙarshen watan Yunin 2024 aka sanar cewa ƙungiyar mata ta janye daga gasar. An mayar da ita rukuni na biyar. Ku ƙirga da kyau, daga na biyu zuwa na biyar, ba tare da an buga wasa ko ɗaya ba. 'Yan wasa suka watse neman wurin zuwa ana saura 'yan makonni a fara atisayen kaka. Ƙananan yara mata da ke makarantar horon kulob ɗin, iyayensu suka shiga tambayar ina za su kai su.

Saboda haka kowace ƙungiya ta buga wasa 20 maimakon 22, kuma kowane mako akwai ƙungiya ɗaya da ke zaune a gida ba abokiyar karawa. Aka kuma rage masu faɗuwa daga biyu zuwa ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Yanzu mu juya ɗaya ɓangaren. A daidai lokacin da ake kwashe kayan Reading, a kudancin Landan wata ƙungiya tana sauke sababbin kaya. Sunanta London City Lionesses. An kafa ta a 2019, bayan ta ɓalle daga Millwall, kuma ba ta da ƙungiyar maza a bayanta. Wannan abu ne mai muhimmanci, don kusan duk ƙungiyoyin mata na Ingila rassa ne na kulob ɗin maza, daga aljihun maza ake ciyar da su, a filin maza suke aron wuri. A watan Disamban 2023 wata attajira, Michele Kang, ta sayi London City. An haife ta a Koriya ta Kudu, ta yi dukiyarta a Amurka a harkar kwamfuta ta ɓangaren kiwon lafiya, kuma ita ce mai Washington Spirit a Amurka da ƙungiyar mata ta Lyon a Faransa. Da ta shigo ba ta yi wasa ba. Ta ɗauko koci Jocelyn Prêcheur daga Paris Saint-Germain. Ta kawo Kosovare Asllani, kyaftin ɗin Sweden, wadda ta buga wa Real Madrid da AC Milan. Ta mayar da wasannin gida zuwa filin Hayes Lane da ke Bromley, ta sayi filin atisaye na ƙungiyar ita kaɗai a yankin Kent. A watan Janairu, tsakiyar kaka, sai ga Saki Kumagai ta Japan. Manyan cikinku za su tuna wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a 2011, Japan da Amurka. Kumagai ce ta buga fenariti na ƙarshe da ya ba Japan kofi. Mace mai kofin zakarun Turai biyar a ɗakinta, ta zo rukuni na biyu tana buga wasa a filayen da iska ke kaɗa tutar kusurwa ba katangar da za ta tare ta.

Mutane da yawa sun ce an gama gasa tun kafin a fara. Ba a gama ba, kuma wannan ne ya sa nake ƙaunar wannan kaka. Kuɗi ya sayo 'yan wasa, amma sai da aka kai ranar ƙarshe kafin a san wa zai haura.

Kafin mu je ranar ƙarshe, ku ba ni minti uku in kai ku arewa maso gabashin Ingila, don a can na fi ganin wasa da idona. Newcastle United sabuwar haurowa ce a wannan kaka, ita da Portsmouth. Tun tana rukuni na uku, a 2023, masu kulob ɗin suka mayar da 'yan wasan mata cikakkun ma'aikata masu albashi, ba sai sun haɗa da wani aiki ba. Maƙwabciyarta Sunderland kuwa tsohuwar gida ce a ƙwallon mata, ita ta reni taurarin Ingila irin su Lucy Bronze da Jill Scott da Beth Mead. Tsakanin garuruwan nan biyu akwai hamayya mai zafi wadda ta girmi ƙwallo ma. A watan Oktoba suka haɗu a Stadium of Light, gidan Sunderland, mutum sama da dubu 15 suka shiga, aka ce ba a taɓa ganin haka ba a wannan rukuni. Ranar 23 ga Maris 2025 suka sake haɗuwa a St James' Park, gidan Newcastle, mutum 38,502 suka shiga. Newcastle ta ci ɗaya da nema. Ina cikin filin a ranar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan ƙananan yara mata, wasu a kafaɗar iyayensu maza, sanye da riga mai sunan 'yar wasa mace a baya. A ƙasar da hukumar ƙwallonta ta hana mata buga wasa a filayen ƙungiyoyinta daga 1921 har zuwa 1971, shekara hamsin cur, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma kada ku rubuta labarin wannan gasa da lambar 38,502 kaɗai, ku 'yan jarida. Ku je wasan mako mai zuwa. Za ku tarar da 'yan ɗaruruwa a ƙaramin fili, mai sayar da shayi ɗaya, ana ruwa. Durham, wadda ita ma ba ta da kulob ɗin maza mai arziki a bayanta, a filin jami'a take buga wasanta na gida, kuma shekara da shekaru tana ba manya wahala. Na san wata 'yar wasa a wannan mataki, ba zan faɗi sunanta ko ƙungiyarta ba, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar firamare da safe, ta tuƙa mota sama da awa ɗaya zuwa atisaye da dare. Da gwiwarta ta samu matsala, abin da ya fara damunta shi ne wa zai biya aikin, kuma ko kwantiraginta na shekara ɗaya zai jira ta. Irin waɗannan su ne mafi yawa a rukuni na biyu, kuma da su ake cike teburin da Asllani da Kumagai ke samansa.

To, ranar 4 ga Mayu. Jadawali ya zo da abin da ko an roƙa ba lallai a samu ba: ta ɗaya da ta biyu za su haɗu a wasan ƙarshe. London City tana da maki 42, Birmingham City tana da 40, kuma a gidan Birmingham za a buga, a St Andrew's. Gurbi ɗaya tak ake haurawa da shi. Canjaras ya ishi London City, Birmingham kuwa dole ta ci. Birmingham ba baƙuwa ba ce a sama, ta ci kofin FA, wato kofin hukumar ƙwallon Ingila, a 2012, ta daɗe a rukunin farko kafin ta faɗo a 2022, kuma kociyarta Amy Merricks ta haɗa ƙungiya mai wuyar zura wa ƙwallo.

Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Ana dawowa Isobel Goodwin ta London City, yarinya 'yar Ingila wadda ta fi kowa zura ƙwallo a gasar, ta ɗaɗa wata daga nesa ta shiga. Jim kaɗan Chantelle Boye-Hlorkah ta ƙara ta biyu. Biyu da nema, Birmingham na buƙatar uku. Duk wanda ya san ƙwallo zai ce shi ke nan. Sai Emily van Egmond ta Ostareliya ta farke ɗaya. Filin ya farka. Ana saura 'yan mintuna a tashi Cho So-hyun ta Koriya ta Kudu ta farke ta biyu. Daga nan har alƙalin wasa ya busa tashi, ƙwallo ba ta bar gidan London City ba, ƙwallo ɗaya kawai Birmingham ke nema ta haura. Ba ta samu ba. Aka tashi biyu da biyu, London City ta ƙare da maki 43, Birmingham da 41. London City ta zama ƙungiya ta farko marar jingina da kulob ɗin maza da ta haura babbar gasar mata ta Ingila, wato Women's Super League (WSL), ta karɓi gurbin Crystal Palace wadda ta faɗo bayan kaka ɗaya kacal.

Idan a nan labarin ya ƙare, da sai mu tafa mu tashi. Ku tuna na ce ku riƙe maganar masu faɗuwa. Sheffield United ce ta zo ƙarshen teburi, ita ce ya kamata ta sauka rukuni na uku. Blackburn Rovers tana samanta, ta tsira. Mako biyu da 'yan kwanaki bayan an gama kaka, Blackburn ta sanar cewa ta janye. Dalili kuwa, sabon kamfanin da ya karɓi ragamar manyan gasanni biyu daga hannun hukumar FA a 2024 ya ɗaga sharuɗɗa: 'yan wasa su zama cikakkun ma'aikata, a ƙara awannin atisaye, a ƙara ma'aikatan lafiya. Masu kulob ɗin suka ce ba za su ɗauki wannan nauyi ba. Blackburn fa, gidan da Keira Walsh da Georgia Stanway da Ella Toone suka bi ta cikinsa suna yara, uku daga cikin waɗanda suka ci wa Ingila kofin Turai. Aka dawo da Sheffield United gurbinta.

Ku duba abin da ya faru ke nan. A kaka guda, ƙungiyar da ƙwallo ta kayar ba ta sauka ba, ƙungiyoyi biyu da ƙwallo ba ta kayar ba sun sauka, ɗaya kafin a fara, ɗaya bayan an gama. Wadda ta haura kuma ta haura ne da ƙwazon 'yan wasanta, ba na musu, amma a kan kuɗin mutum ɗaya. Wannan shi ne abin da ke hana ni murna cikakkiya. Ina jin daɗin abin da Michele Kang ta yi, ta nuna cewa ana iya gina ƙungiyar mata don kanta, ba a matsayin 'yar riƙo a gidan maza ba. Sai dai niyyar mutum ɗaya ce ta ɗaga London City, kuma niyyar masu kulob ce ta sauke Reading da Blackburn. 'Yar wasan da ta sa hannu a kwantiragi ba ta da ta cewa a ko ɗaya.

Su ma sharuɗɗan, ina goyon bayansu. Binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa Karen Carney, tsohuwar 'yar wasan Ingila, ta jagoranta, wanda ya fito a 2023, ya ba da shawarar a mayar da rukunan biyu na sama cikakkiyar sana'a, kuma gaskiya ce, don ba daidai ba ne mace ta karye a fili a rasa likitan da zai duba ta. Amma idan ka ɗaga sharaɗi ba ka tanadi hanyar da ƙaramar ƙungiya za ta kai gare shi ba, ka ba mai kulob ɗin da zuciyarsa ba ta wurin hujjar zare hannu. Rabon kuɗin talabijin, da tallafi ga makarantun horon yara, da ƙa'idar da za ta hana a yar da ƙungiyar mata cikin mako guda, su ne ya kamata su zo tare da sharaɗin.

Mu ma a Najeriya gasar mata tana da matakai, akwai Premiership a sama, Championship a ƙarƙashinta. Da yawa daga ƙungiyoyinmu, irin su Nasarawa Amazons da Adamawa Queens, gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su. Ban zo in kwatanta aljihunmu da na Ingila ba. Tambayar ce iri ɗaya: idan mai riƙe da ƙungiya ya sauya, ko ra'ayinsa ya sauya, me ke kare yarinyar da ta ba ƙwallo shekarunta? Ku da za ku riƙa ɗauko rahoton wasanni, bayan kun rubuta wa ya ci wa aka ci, ku tambayi wa ke biyan albashi, wata nawa ake bi, kwantiragin na tsawon wane lokaci ne, kuma wa ke ɗaukar nauyin wadda ta ji rauni.

Bayan wannan kaka an sauya wa gasar suna zuwa WSL2. Nottingham Forest da Ipswich Town suka hauro daga rukuni na uku, aka koma ƙungiyoyi 12, kuma an amince a faɗaɗa rukunin farko daga 12 zuwa 14 daga kakar 2026, wanda ya ƙara wa na ƙasa ƙofar haurawa. Shugaba, na ga kana duba agogo. Hajiya a layi na biyu ta ɗaga hannu tun ina maganar Blackburn, a miƙa mata makirfon mu fara da ita.